Rinin da ke haska sankarar furostet a ɗakin tiyata, da wuraren da yake ruɗin ido

Idan likitan fiɗa ya cire furostet ɗin mai fama da sankara, ba ya samun tabbacin ko ya kwashe cutar kaf sai bayan kwanaki. Abin da ya ciro ɗakin gwaji ake kai shi, a shafe bayansa da tawada, a yayyanka shi siri-siri, a duba a madubin likita. In aka tarar ƙwayoyin sankara sun taɓa tawadar nan, to wuƙa ta ratsa ta cikin cutar ke nan, kuma mai yiwuwa an baro ragowa a jikin mutum. Kafin sakamakon ya fito an riga an ɗinke, mara lafiya ma ya koma gida. Rahotannin asibitoci suna nuna hakan a tsakanin kashi 10 zuwa kusan 40 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin, gwargwadon nisan da cutar ta yi da kuma hannun likitan. Ba duk wanda aka samu haka ne cutarsa ke dawowa ba, amma haɗarin ya ƙaru, musamman in tsawon wurin da ya taɓa tawadar ya haura milimita 3. Da yawansu sai an bi su da gashi, wato ƙona ragowar cutar da hasken na'ura, daga baya.

Wani zai ce me zai hana a yanka da faɗi a huta. Wurin ne ba fili. Furostet bai fi girman goro ba, yana zaune a ƙasan mafitsara, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa. A bayansa dubura ce, 'yar siririyar fata ce kawai tsakaninsu. A ƙarshensa na ƙasa akwai tsokar da ke riƙe fitsari, kuma daidai nan ba shi da wata fata mai ƙwari da za ta nuna inda ya tsaya. A gefensa biyu, ta baya-baya, jijiyoyin da ke tayar da mazakuta ne manne da shi, waɗanda Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya fara aikin kauce musu a 1982. Tazarar da ake magana a kai 'yan milimitoci ce. Likita ya yi nesa da furostet, ya tafi da jijiyoyin, mutum ya rasa ƙarfinsa ko ya kasa riƙe fitsari. Ya matso kusa, ya bar sankara. Gaba kura baya sayaki. Kuma waɗannan wurare biyu, ƙasa da gefen baya, su ne inda aka fi samun wuƙa ta ratsa cuta.

Ga shi kuma ido ba ya rarrabe sankarar furostet da lafiyayyen nama, launinsu kusan ɗaya ne. Da can likita kan ɗan taɓa da yatsa ya ji tauri. Yanzu a Amurka da Turai akasarin aikin da na'urar mutum-mutumi mai suna da Vinci ake yinsa, wadda ta samu lasisi a 2000. Tana ƙara girman hoto, tana ba hannu natsuwa, amma likita yana zaune ne a gaban allo, ba ya taɓa naman da yatsansa. Shi ya sa masu bincike suka koma neman hanyar da za ta sa cutar ta nuna kanta.

Akwai sinadaran da in aka haska su da wani irin haske sukan shanye shi, su mayar da wani hasken mai ɗan tsawon zango fiye da wanda suka karɓa. Kamara ta musamman tana da matacin da ke tare hasken da aka aika, ya bar wanda ya dawo kaɗai ya wuce, sai kwamfuta ta ɗora shi a kan hoton da likita ke kallo, galibi da launin kore. Koren na kwamfuta ne, a zahiri ido ba ya ganin komai, domin ana aiki ne da hasken infirared na kusa, mai tsawon zango tsakanin nanomita 700 zuwa 900, alhali idon ɗan Adam bai wuce 400 zuwa 700 ba. An zaɓi wannan zangon ne saboda dalili. Ƙasa da shi, jini yana shanye haske, kuma naman jiki da kansa yana ɗan ƙyalli ya ɓata hoto. Sama da shi, ruwan jiki ne ke shanyewa. A tsakanin nan ne haske ke iya kutsawa cikin nama, kimanin milimita 5 zuwa 10, ba fiye ba.

Rinin da likitoci suka fi sabawa da shi shi ne ICG, wanda FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta amince da shi tun 1959. Ana haska shi da haske mai kimanin nanomita 800, ya mayar da na kimanin 830, kuma tsarin kamara mai suna Firefly da aka ƙara wa da Vinci a 2011 a kansa aka auna shi. Yana da arha, ba ya cika cutarwa, sai dai akwai aidin a cikinsa, don haka ana tambayar mara lafiya ko jikinsa na ƙin aidin. Matsalarsa ita ce bai san sankara ba. In an zuba shi a jijiyar jini yana manne wa furotin ɗin jini, ya bi duk inda jini ya bi, hanta ta kwashe rabinsa cikin minti uku zuwa huɗu. In kuma an tsira shi cikin furostet ɗin kai tsaye, yana bin magudanan ruwan jiki zuwa kaluluwar ƙugu. Wannan yana da amfani, domin yana nuna kaluluwar da cuta za ta fara sauka in ta tashi yaɗuwa. A Holan, Henk van der Poel na cibiyar sankara ta Amsterdam da Fijs van Leeuwen sun haɗa ICG da sinadarin teknetiyam mai fitar da tururin nukiliya don wannan aikin, suka buga sakamako a 2011. Amma kaluluwar da ta haska da ICG ta nuna hanya ce kawai, ba ta ce akwai sankara a cikinta ba.

An kuma gwada 5-ALA, maganin da ake sha kafin tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa, wanda ke sa ƙwayoyin cuta su yi ja a ƙarƙashin shuɗin haske. A furostet bai yi nisa ba: shuɗin haske ba ya shiga nama sosai, jini kaɗan ya isa ya rufe shi, zafin wuƙar lantarki kuma yana lalata sinadarin.

Abin da ya sauya lissafi shi ne PSMA, wani furotin da ke zaune a bayan ƙwayoyin furostet, wanda yawansa ke ninkawa sosai a ƙwayoyin sankara. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sankarar furostet suna ɗauke da shi, kuma yawanci cutar da ta fi tsanani ta fi yawan sa. Yana da wani ɗan rami da ƙananan sinadarai ke iya shiga su maƙale, kuma da zarar abu ya maƙale masa sai ya ja shi zuwa cikin ƙwayar. Wannan halin shi ne ginshiƙin komai, domin abin da ya shiga ciki yana zaunawa, wanda ya rage a jini kuwa jiki na wanke shi. Da shi aka gina hoton PET na PSMA, wato hoton jiki da ke nuna inda cutar take ta hanyar sinadari mai tururin nukiliya, wanda FDA ta amince da na farkonsa a Disambar 2020, da maganin Pluvicto a Maris 2022. Masu rini sun bi sawu ne: a ɗauki abin da ke neman PSMA, a ɗaura masa rini a wutsiya. Ɗakin binciken Martin Pomper a Johns Hopkins ya nuna hakan na yiwuwa a jikin ɓeraye tun 2009.

Kowane irin wannan sinadari sassa uku ne: kan da ke kama PSMA, rinin da ke haskawa, da mahaɗin da ke tsakaninsu. Mahaɗin ba ado ba ne. Rinin infirared ya fi kan girma, in aka matso da shi sai ya hana kan shiga raminsa, kuma cajin lantarkin da ke jikinsa shi ke yanke hukuncin ko ƙoda ce za ta fitar da shi ko hanta, da ko zai riƙa mannewa a naman da ba ruwansa. Girman kan ma yana da tasiri. Ƙaramin sinadari yana isa ga cuta da sauri ya bar jini cikin sa'o'i, amma ta fitsari yake fita. Wanda aka gina da sojan garkuwar jiki, ko wani ɓangarensa, yana kamawa da kyau, sai dai yana daɗewa a jini, dole a jira kwanaki kafin a shiga tiyata.

Guda uku ne suka fi fitowa fili a gwajin mutane. OTL78 na kamfanin On Target Laboratories, wanda ya samo asali daga aikin Philip Low na jami'ar Purdue, an gwada shi a Holan kan maza 18, sakamakon ya fito a mujallar Lancet Oncology a 2023. An gwada miligiram 0.06 da 0.03 ga kowane kilo na nauyin jiki, wasu sa'a ɗaya zuwa biyu kafin aiki, wasu sa'a 24. Wanda ya fi kyau shi ne ƙaramin, kuma a bayar kwana guda kafin aiki. IS-002 na kamfanin Intuitive, masu ƙera da Vinci, an gwada shi a jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko kan maza 24 masu cuta mai haɗari, da ma'auni huɗu: maikirogiram 25, 50, 100 da 150 ga kowane kilo. A nan ma mafi ƙanƙantar ne ya fi ba da hoto mai ma'ana, kuma abin da aka fi gani na illa shi ne fitsari ya sauya launi na ɗan lokaci. Na ukun na jami'ar Oxford ne a Ingila, ƙarƙashin Freddie Hamdy, inda aka ɗaura rinin IR800 a kan ɓangaren sojan garkuwa mai suna IAB2M, aka gwada kan maza 23, aka buga a 2024. A gwajin Oxford da na San Faransisko an ga ɓurɓushin cuta a wuraren da farin haske bai nuna komai ba.

A lura da yadda gwaje-gwaje biyu na farko, da sinadarai daban a nahiyoyi daban, suka sauka kusan wuri ɗaya. Ga mutum mai kilo 70, na OTL78 ya kama miligiram 2.1, na IS-002 kuma 1.75, dukansu kwana guda kafin aiki. Dalilin shi ne ba yawan haske ake nema ba, bambanci ake nema tsakanin cuta da abin da ke kewaye da ita. Ramukan PSMA a jikin ƙari suna da iyaka. Da sun cika, duk rinin da aka ƙara sai ya tafi jini da fitsari da lafiyayyen nama, ko'ina ya ɗauki kore, sankarar ta ɓace a ciki. Masu bincike kan auna hasken cuta su raba da na gefenta, kuma in bai kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu ba, idon likita ba zai iya dogara da shi ba.

A aikace ga yadda abin ke tafiya. Kwana guda kafin aiki ana auna nauyin mara lafiya, a duba lafiyar ƙodarsa, a zuba maganin ta jijiya a hankali ana lura da shi. Washegari, bayan an sa shi barci an shigar da kamara, likita na aikinsa da farin haske kamar kullum, yana juyawa zuwa infirared a wasu gaɓoɓi: kafin ya taɓa kaluluwa, lokacin da zai raba jijiyoyi da gefen furostet, da lokacin da ya zo ƙarshen ƙasa. Gaɓar da ta fi kowace daraja ita ce bayan an ɗauke furostet ɗin. Sai a tsayar da jini, a wanke gurbin da ruwan gishiri a zuƙe, sannan a bi shi da kamara kusa-kusa: wuyan mafitsara, kan jijiyoyin da aka bari, bakin bututun fitsari, gaban dubura. A nan bai kamata a ga PSMA mai yawa ba, tunda an cire mai shi. Duk ɗigon da ya haska, aka sake wankewa bai gushe ba, ana yanko shi a aika gwaji. Shi ma furostet ɗin da aka ciro ana duba bayansa, sau da yawa a cikin rufaffen akwati mai kamara, inda hasken ɗaki ba ya shiga kuma tazara ba ta canzawa. In wani gefe ya haska, likita ya san wane ɓangaren gurbi zai koma ya sake dubawa.

Fitsari shi ne babban abin da ke ɓata aikin. Ƙoda ce ke fitar da ƙananan sinadaran nan, ita kanta ma tana da PSMA da yawa, don haka mafitsara cike take da rini. Tiyatar kuwa ba ta yiwuwa sai an yanke wuyan mafitsara da bututun fitsari. Fitsarin da ya zuba yana kwanciya daidai wuraren da aka fi tsoron barin cuta, ya haska. Jiran sa'a 24 yana rage wannan, haka wanke mafitsara ta roba kafin a buɗe ta, amma ba ya kawar da shi gaba ɗaya. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: hasken fitsari yana bin ruwa ya tafi, na cuta yana nan daram.

Sai kuma lafiyayyen naman furostet, wanda shi ma yana da nasa PSMA ko da bai kai na sankara ba. In wuƙa ta ɗan shiga cikin furostet ta wurin da ba cuta, wurin zai haska, likita ya ɗauka ya ratsa sankara, ya koma ya yanke jijiyar da ya sha wahalar cetowa. Wannan kuskuren ya fi ban takaici, domin fasahar da aka kawo don ceton jijiya ita ce ta jawo asararta. Akwai ma wasu ƙulle-ƙullen jijiyoyi a ƙugu da ciki da ke ɗaukar sinadaran PSMA, har masu karanta hoton PET sukan ɗauke su kaluluwa mai cuta.

Ta ɗaya gefen kuma akwai cutar da ke nan amma ba ta haska ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na sankarar furostet ba su da PSMA sosai, kuma ko a ƙari ɗaya wani sashe na iya samun sa wani ya rasa. Maganin rage sinadarin maza da ake ba wasu kafin aiki yana sauya yawansa. Gudan jini yana rufe haske, naman da wuƙar lantarki ta ƙona ma haka, kaluluwar da ke binne a cikin kitsen da ya haura santimita guda kuwa ba za a gan ta ba sai an buɗe kitsen. Zurfin da haske ke shiga yana da nasa ruɗin: ƙarin da ke milimita biyu a ƙarƙashin fatar furostet zai haska ta waje, alhali a ma'aunin mai duba tawada wuƙa ba ta taɓa shi ba.

Ita kanta kamara ba shaida ce mai gaskiya a kowane hali ba. Matso da ita, wuri ya ƙara haske. Karkata ta, ya dushe. Yawancin kamarorin suna ƙara ƙarfin hoto da kansu in sun ga duhu, ta yadda gurbin da ba komai a cikinsa zai iya fitowa da kore-kore. Sannan rinin da ake ɗaura wa sinadaran PSMA ya fi amsa haske mai kimanin nanomita 775, ya mayar da na ƙasa da 800 kaɗan, kamarar da aka auna don ICG kuwa ta ɗan hau sama da haka. Ga kuma yawan rinin da ke cikin ƙari bai kai ko kusa da na ICG a jini ba. Shi ya sa kowane gwaji ya zo da kamararsa ko wani saiti na musamman, kuma ba a iya ɗaukar sakamakon wannan a gwama da na wancan kai tsaye.

Batun kaluluwa ya cancanci a ɗan tsaya. Hoton PET na PSMA kafin aiki, duk da ingancinsa, a manyan gwaje-gwaje biyu na Amurka ya gano kimanin kashi 40 cikin 100 ne kawai na waɗanda cutar ta kai kaluluwarsu, saboda ɗigon da bai kai milimita 3 zuwa 5 ba yana kuɓuce masa. Don haka har yanzu ana kwashe kaluluwar ƙugu da yawa ga mai cuta mai haɗari, abin da kan jawo taruwar ruwa a mara ko kumburin ƙafa. Rini kaɗai ba zai warware wannan ba saboda gajeren zangonsa. A Jamus, Tobias Maurer ya bi ta wata hanyar, inda ake ɗaura teknetiyam a kan mai neman PSMA, a bi shi da 'yar na'ura mai ƙara in ta kusanci cuta. Tururin nukiliya yana ratsa santimitoci, amma ba ya nuna iyakar abu. A ganina haɗin biyun a sinadari ɗaya, kamar PSMA-914 da aka fara gwadawa a Jamus, shi ya fi dacewa da kaluluwa: ƙara ta kai likita wurin, haske ya nuna masa inda zai yanka.

Da sauran rina a kaba ta fuskar hujja. Gwajin mutum 18 ko 24 yana nuna cewa abu ba ya cutarwa kuma yana haskawa, ba ya nuna cewa mara lafiya ya amfana. Kuma akwai abokin gasa da ya riga ya yi gaba, wato NeuroSAFE, dabarar da asibitin Martini-Klinik na Hambag ya fito da ita: a yanko gefen furostet da ya taɓa jijiya, a daskarar, a duba a madubi mara lafiya na kwance, in an ga cuta a koma a cire jijiyar. Tana cin lokaci kuma tana buƙatar ƙwararren mai duba nama a kusa, amma gwajin da aka yi a Birtaniya, wanda ya fito a 2025, ya nuna waɗanda aka yi musu ita sun fi dawo da ƙarfinsu bayan shekara guda. Irin wannan gwajin rini ke buƙata: a raba marasa lafiya gida biyu, a bi su shekaru, a ga su waye PSA ɗinsu, wato sinadarin furostet da ake aunawa a jini don gano dawowar cutar, ya sake hawa ya kai 0.2, su waye suka riƙe fitsari, su waye suka koma ga iyalinsu lafiya. A wasu cututtukan an riga an ba da lasisi, kamar Cytalux na sankarar ƙwan mace a 2021 da ta huhu a 2022, da Lumisight na sankarar mama a 2024. Sinadaran furostet uku da aka ambata kuwa, sakamakon da aka kawo a nan duk na ƙananan gwaje-gwajen farko ne.

A Najeriya sankarar furostet ita ce ta fi kowace kama maza, ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya sa sabbin masu kamuwa kimanin 18,000 a shekara. Sai dai duk wannan fasaha tana aiki ne ga wanda cutarsa ke cikin furostet ko kewayensa, wanda za a iya yi wa tiyatar cirewa. Da yawa daga cikin masu zuwa asibitocin koyarwa a nan sukan iso ne da ciwon baya ko riƙewar fitsari, cutar ta riga ta kai ƙashi, maganin da ya rage musu na rage sinadarin maza ne da gashi. Wanda aka gano tasa da wuri, ta gwajin jinin PSA da dubawar likita, shi ne ake zama da shi a tattauna ko za a ceci jijiya gefe ɗaya ko biyu, kuma a yau hoton MRI da sakamakon naman da aka ɗiba da allura ne ke jagorantar wannan shawara.